Randar da Ba Ta Riƙe Ruwa: Tukwanen Girkawan Kudancin Italiya da Masu Tara Su

Duk wanda ya tsaya gaban manyan tukwanen Apuliya, wani yanki na kudancin Italiya, a gidan tarihi na Napoli, ko na Landan, ko na Munich, akwai abin da idonsa ba zai kai gare shi ba, domin a zaune suke kan gindinsu a bayan gilashi. Da yawa daga cikinsu gindin a huje yake. Magini ne ya bar kafar da gangan tun yumɓun yana ɗanye, kafin a kai shi wuta. Ga randa wadda tsayinta ya kusa ƙirjin babban mutum, an yi mata zane tun daga baki har ƙasa, dawaki da mayaƙa da sarakuna da mata riƙe da madubi, amma ko moɗa guda ta ruwa aka zuba mata sai ta tsiyaye. An gina ta ne domin a kai ta kabari a rufe ta tare da mamaci.

Daga wannan kafa nake son a fara duba lamarin. Tukunyar da aka yi domin kabari ba ta da hanyar dawowa hannun masu rai sai an buɗe kabarin. Saboda haka labarin tara waɗannan tukwane, tun daga ƙarni na 18 har zuwa yau, labarin buɗe kaburbura ne: wa ya buɗe, da izinin wa, me ya ɗauka, me kuma ya tattake ya bari a ramin.

Tun a ƙarni na 8 kafin Miladiyya Girkawa suka fara ƙetare teku suna kafa garuruwa a gaɓar kudancin Italiya da tsibirin Sisili. Suka yi yawa har Rumawa suka riƙa kiran yankin Magna Graecia, wato Babbar Girka. Akwai Taranto, wadda mutanen Sparta suka kafa wajen shekara ta 706 kafin Miladiyya, akwai Metaponto, akwai Poseidoniya wadda daga baya aka sani da Paestum. Shekaru da dama waɗannan garuruwa da maƙwabtansu 'yan ƙasa suna sayen tukwane masu zane daga Korinti, daga baya kuma daga Atina, inda wajen 530 kafin Miladiyya aka ƙirƙiro salon barin hoton mutum da jan launin yumɓu a kewaye shi da baƙi. Sai wajen 440 aka fara gina irinsu a Italiya. Hannun masu zanen farko ya yi kama da na Atina ƙwarai, shi ya sa ake ganin ko can suka koyo sana'ar ko kuma daga can suka yi ƙaura. A 1973 masu tonon tarihi suka gano matoyar tukwane a Metaponto, da tarin tsingaron tukwanen da suka lalace a wuta aka zubar, abin da ya tabbatar da cewa garin yana cikin wuraren da aka fara aikin.

Baƙin nan mai sheƙi da ke jikinsu shi ma yumɓu ne. Ana jiƙa shi a tace, a sake tacewa, har ya zama ruwa-ruwa mai laushi, mai yawan sinadarin ƙarfe. Da shi ake shafe duk inda ake son ya yi baƙi, da shi ake jan siraran layukan ido da suma da ninkin tufa. Sauran aikin na wuta ne. Da farko a bar iska ta shiga tanderu, komai ya yi ja. Sannan a toshe kafofi a zuba ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya haura digiri 900, komai ya koma baƙi, inda aka shafa kuma ya narke ya liƙe. Daga ƙarshe a sake buɗe wa iska hanya yayin da wutar ke lafawa, jikin da ba a shafa ba ya shaƙi iska ya koma ja, wanda aka shafa ya zauna a baƙinsa. Duk maginiyar da ta taɓa turara tukunya da hayaƙi don ta yi baƙi ta san rabin wannan ilimi. Ɗaya rabin shi ne iya juya wuta sau uku a toyi guda ba tare da ma'aunin zafi ba, sai ido da gogewa.

Masana sun kasa aikin gida biyar bisa yanki: na Lukaniya, na Apuliya, na Kampaniya, na Paestum da na Sisili. Abin da ya kai ga zamaninmu ya haura tukwane 20,000, kuma fiye da rabi na Apuliya ne, yankin da a taswira yake dunduniyar Italiya, wanda yau ake kira Puglia. Wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya sana'ar ta mutu, ke nan duka-duka ba ta wuce shekara 150 ba. Masu zane biyu ne kawai aka tabbatar sun sa sunansu a jikin tukunya, Asteas da Python, dukansu mutanen Paestum.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne masu sayen. Mafi yawan manyan tukwanen Apuliya ba a kaburburan Girkawan Taranto aka same su ba. An same su ne a kaburburan 'yan ƙasa, mutanen da suke da harshensu da al'adarsu: Dauniyawa a arewa wajen Canosa da Arpi, Peuketiyawa a tsakiya wajen Ruvo, Mesapiyawa a kudu. Manyansu masu gonaki da dawaki ne, suna sassaƙa wa matattunsu ɗakuna a cikin dutse, su jera musu makamai da ɗamarar tagulla da tukwane gomiya-gomiya. Masu zanen sun san abokan cinikinsu. A wasu tukwanen za ka ga samari sanye da gajeriyar riga mai ado da faffaɗar ɗamara, shigar 'yan ƙasa sak, mace tana zuba wa mayaƙi abin sha. A wasu da yawa kuma an zana ɗan ƙaramin gini mai ginshiƙai da farin launi, mamacin yana tsaye a ciki da dokinsa ko tana zaune da akwatin kayan adonta, dangi sun kewaye da kyaututtuka. Amma a ɗaya gefen tukunyar sai ka tarar da tatsuniyar Girkawa zalla, sau da yawa irin wadda ake nunawa a dandalin wasan kwaikwayo, har da sunayen mutanen cikinta a rubuce da haruffan Girka.

Misalin da ya fi kowanne suna shi ne Randar Dariyus, wadda aka tono a Canosa a 1851, tana Napoli yanzu, tsayinta wajen mita 1.3. A tsakiyarta Dariyus sarkin Farisa ne a kan karaga, an rubuta sunansa, wani mutum yana tsaye gabansa a kan dandamali ya ɗaga yatsa yana ba da shawara, fadawa sun zauna suna saurare, dogari yana bayan sarki da makami. A ƙasa ma'aji ne zaune gaban teburin lissafi da allo a hannu, talakawan daula suna kawo haraji, wasu a durƙushe. A sama kuma an zana ƙasar Girka a siffar mace tsakanin Zeus da Atena, allolin Girkawa, an zana Asiya ita ma a siffar mace, wata mai suna Yaudara tana jan ta zuwa yaƙi. An yi ta ne wajen 340 zuwa 320, zamanin da Iskandar na Masedoniya ke rusa daular Farisa. To, me ya sa wani babban Badauniye ya so a binne shi da labarin yaƙin Girka da Farisa? Yana jin Girkanci ne? Ya taɓa kallon wasan kwaikwayo? Ko wani ne ya karanta wa masu zaman makoki abin da ke jikin randar? Masana sun daɗe suna jayayya a kan irin waɗannan tambayoyi, kuma abin da zai raba gardamar yana cikin kabarin: shekarun mamacin, namiji ne ko mace, wane kaya aka haɗa masa, wace tukunya aka ajiye kusa da wace. Wannan shi ne ainihin abin da mai tono don kasuwa yake fara lalatawa.

A ƙarni na 18, lokacin da Turawan arewa suka fara sha'awar irin waɗannan tukwane, ba su ma san na Girkawa ba ne. Tukwanen Etruriya ake ce musu, ana danganta su da tsoffin mutanen tsakiyar Italiya. Malaman Napoli da Bajamushe Winckelmann ne suka nuna cewa rubutun jikinsu Girkanci ne. Wanda ya mayar da su abin yayi shi ne Sir William Hamilton, jakadan Ingila a Napoli daga 1764 zuwa 1800. Ya sayi tarin wasu, ya kuma sa an buɗe masa kaburbura a Kampaniya, shi kansa yana halarta. Tarinsa gauraye yake, akwai na Atina akwai na kudancin Italiya, don a lokacin ba a rarrabe su ba. Ya sa aka buga hotunansu masu launi a manyan littattafai huɗu, sannan a 1772 majalisar dokokin Ingila ta biya fam 8,410 aka sayi tarin, mai ɗauke da tukwane 730, aka kai gidan tarihi na Birtaniya. Littattafan sun yaɗu a Turai. Josiah Wedgwood, mai masana'antar tangaran, ya sa wa sabuwar masana'antarsa suna Etruria a 1769, yana kwaikwayon hotunan ciki.

A nan aka fara wani tsari da ya dawwama: a wallafa tukunya a littafi mai daraja, darajarta ta hau, farashi ya bi, masu tono su ƙara zurfafa. Tun 1755 Sarki Charles na gidan Bourbon ya kafa dokar hana fitar da kayan tarihi daga masarautar Napoli ba tare da izini ba, amma tukwane ba su daina fita ba. Hamilton ya sake tara wani tarin, ya sake wallafawa. Da yaƙin Faransa ya matso, ya loda wani ɓangare a jirgin ruwan yaƙi mai suna Colossus, jirgin ya nitse kusa da tsibiran Scilly a Disambar 1798. Abin da ya tsira Thomas Hope ya saya a 1801. A shekarun 1970 masu nutso suka gano jirgin, suka tsamo tsingaro wajen 30,000. Tukwanen da suka yi shekara fiye da 2,000 lafiya lau a ƙarƙashin ƙasa, shekaru kaɗan suka yi a hannun mai tarawa suka farfashe.

Da ƙarni na 19 ya shigo sai abin ya koma Apuliya kanta. A 1813 aka ci karo da wani babban kabari a Canosa, manyan randunansa suka tafi hannun Caroline Murat, ƙanwar Napoleon kuma sarauniyar Napoli a lokacin, daga baya Ludwig na Bavariya ya saye su, shi ya sa suke Munich yau. A Ruvo kuwa, a shekarun 1820 da 1830, gari guda ya koma tono, dare da rana, har bayan gari ya zama kamar kasuwa. A cikin wannan hargitsi ne wasu 'yan'uwa biyu, Giovanni da Giulio Jatta, suka shiga saye da tono domin kada komai ya fice daga garinsu. Iyalinsu suka riƙe tarin a ɗakuna huɗu na gidansu, ba su sayar ba, har gwamnatin Italiya ta saye shi a 1991, kuma yana nan a Ruvo a jeren da aka yi masa tun ƙarni na 19. Ina ganin mutuncin wannan iyali, domin sun bar wa garinsu abin da sauran garuruwa suka rasa. Sai dai su ma kyan tukunya suka bi, ba su damu da rubuta abin da aka samu tare da ita a kabari ɗaya ba.

Akwai kuma masu gyara. Tukwane da yawa a farfashe suke fitowa, mai saye kuwa cikakkiya yake so. A Napoli aka yi gwanaye irin su Raffaele Gargiulo, wanda yake aiki a gidan tarihin sarki kuma yake dillanci a gefe, suna liƙa tsingaro su cike giɓi su sake zane har ba a gane inda hannun da ya ƙare da inda na yanzu ya fara. Wasu manyan randuna daga Ceglie del Campo da Berlin ta samu a 1828 sun bi ta hannun irin waɗannan masu gyara, sai a ƙarnin nan, da aka warware su aka bincika, aka iya tantance tsohon zane da ƙari.

Daga 1828 aka fara fito da dubban tukwanen Atina daga kaburburan Vulci, tsohon garin Etruriya, a gonakin Lucien Bonaparte, ƙanen Napoleon, sai idon masana ya koma can. Aka ɗauki aikin Atina na ƙarni na 6 da na 5 kafin Miladiyya a matsayin ma'auni, na kudancin Italiya kuma aka ce ya cika ado, ya cika hayaniya, aikin 'yan ƙauye ne masu kwaikwayo. Ban yarda da wannan hukunci ba. Mai zanen Apuliya ba ƙoƙarin zama Ba'atine yake yi ya kasa ba, wata buƙata daban yake biya: randar da za a tsaya a kewaye ta a wurin jana'iza, a bi labarinta hawa-hawa. Cunkoson mutane da farin launi da rawaya da furanni duk na wannan aiki ne. Amma raini ya yi tasiri, an daɗe ba wanda ya zauna ya yi musu cikakken nazari na tsanaki.

Wanda ya yi shi ne Arthur Dale Trendall, haifaffen New Zealand a 1909, wanda ya yi mafi yawan rayuwar aikinsa a jami'o'in Ostireliya har ya rasu a 1995. Ya ɗauki hanyar da John Beazley na Oxford ya bi da tukwanen Atina: a duba yadda mai zane ke jan kunne, da idon sawu, da ninkin riga, abubuwan da hannu ke maimaitawa ba tare da tunani ba, a gane cewa wannan da waccan aikin mutum ɗaya ne. Da haka, shi da abokin aikinsa Alexander Cambitoglou a ɓangaren Apuliya, ya rarraba tukwane wajen 20,000 tsakanin ɗaruruwan masu zane da rukunoni. Tun da ba a san sunayensu ba sai ya laƙaba musu: Mai Zanen Dariyus saboda randar can, Mai Zanen Lahira saboda wata randa a Munich mai hoton duniyar matattu, Mai Zanen Baltimore saboda garin Amurka inda wata tukunyarsa take. Aiki ne na ban mamaki, kuma duk wanda ke nazarin fannin a kansa yake tsaye.

Amma ga inda abin yake da ciwo. Hanyar Trendall tukunya kawai take buƙata, ko ma hotonta. Ba ta tambayar daga wane rami ta fito. A daidai shekarun da yake wallafa kundayensa, daga ƙarshen 1960 zuwa farkon 1990, kasuwar ta buɗe baki. Tukwanen Atina sun yi tsada sun yi wuyar samu, gidajen tarihi na Amurka da Turai da Japan da Ostireliya da attajirai masu tarawa suna neman abin Girka mai girma da cika ido, na Apuliya kuwa ga su manya-manya. Dillalai da gidajen gwanjo suka riƙa aika masa hotunan sababbin tukwane, shi yana son kundinsa ya cika, su suna son suna. Tukunyar da aka ce ta Mai Zanen Dariyus ce, mai lamba a kundi, ba farashinta ɗaya da marar suna ba. Wanda ya buɗe ƙarin kundayen zai ga shafi bayan shafi inda a gurbin wurin ajiya aka rubuta kasuwar Basel ta Suwizalan, kasuwar Landan, kasuwar New York. Ban ɗauki Trendall maciyin amana ba, malami ne da ya ga cewa in bai rubuta su ba za su ɓace a gidajen mutane. Sai dai tsarin da ya fara tun zamanin Hamilton ya sake juyowa, ilimi yana ƙara wa kayan sata daraja.

Kuma sata ce a doka, babu ja. Dokar Italiya ta 1909, da wadda ta ƙarfafa ta a 1939, ta ce duk kayan tarihin da aka samu a ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A 2001 Ricardo Elia na Jami'ar Boston ya bi kundayen Trendall da Cambitoglou ya ƙirga. Cikin tukwanen Apuliya fiye da 13,000, kashi 5.5 cikin 100 ne kawai masana suka tono ta hanyar da ta dace. Fiye da 4,000 kuma sun ɓullo ne tsakanin 1980 da 1992, kusan dukansu ba tare da tarihin inda suka fito ba. Tun da ba kowane kabari ke da tukunya mai zane ba, a bayan kowace ɗaya akwai wasu kaburburan da aka fasa ba a sami abin sayarwa ba aka watsar.

Italiyawa suna kiran masu wannan tono tombaroli, daga kalmarsu ta kabari. Da doguwar sandar ƙarfe suke yawo a gonaki suna caka ƙasa, in ta taɓa dutsen rufi su sa alama su dawo da dare. A filayen Foggia har da motar haƙa aka yi aiki. Babbar randa takan fita a gutsuttsure cikin akwati, wani lokaci da gangan ake fasa ta don ta yi sauƙin ɗauka, a ƙetare da ita Suwizalan, a liƙe ta, a ƙaga mata tarihi cewa ta fito daga tsohon tarin wani iyali, sannan a kai ta gwanjo. Ƙasashen da ake sayarwa sun yi jinkirin shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 wadda ta hana wannan fatauci: Amurka sai 1983, Birtaniya 2002, Suwizalan 2003, Jamus 2007.

Labarin wata tukunyar Asteas ya nuna yadda ake rabon kuɗin. Tana ɗauke da hoton Europa, wata gimbiya a tatsuniyar Girkawa, a kan bijimi yana ƙetare teku da ita, da sa hannun mai zanen. Wani lebura ne ya tono ta a Sant'Agata de' Goti a shekarun 1970, ya sayar da ita lira miliyan ɗaya da ɗan alade. A 1981 gidan tarihi na Getty a Kalifoniya ya saye ta dala 275,000 daga dillali Gianfranco Becchina na Basel. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Leburan ya yi laifi, amma ba domin ɗakinsa ya tono ta ba, kuma masu ilimin da suka karɓe ta sun fi shi sanin cewa tukunya irin wannan ba ta faɗowa daga sama.

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. A Satumbar 1995 'yan sandan Suwizalan da rundunar Carabinieri mai kare kayan tarihi, wadda Italiya ta kafa tun 1969, suka buɗe ma'ajiyar dillali Giacomo Medici a yankin da ba a biyan kwastan a Jeniba. Suka tarar da dubban kayan tarihi, da abin da ya fi su amfani ga masu bincike, wato dubban hotuna, da yawa na kyamarar Polaroid, suna nuna tukwane da ƙasa a jikinsu, a farfashe, a kan bargo ko a bayan mota, sannan ga hotunan waɗansunsu bayan gyara a cikin gilashin manyan gidajen tarihi. Kotun Roma ta same shi da laifi a 2004. An kuma kwashe takardu da kayan Becchina a Basel, a 2015 aka baje kolin guda 5,361 da aka dawo da su Roma. Shari'ar Marion True, tsohuwar mai kula da sashen irin waɗannan kaya a Getty, ta ƙare a 2010 ba tare da hukunci ba saboda wa'adin doka ya cika. Tukunyar Asteas ta koma Italiya a 2005, tana gidan tarihi na Montesarchio, ba nisa da inda aka tono ta. Gidan tarihi na Boston ya mayar da kaya 13 a 2006, Getty ta amince da mayar da 40 a 2007. A 2017 masu gabatar da ƙara na Manhattan suka karɓe wata tukunyar Python daga gidan tarihi na Metropolitan da ke New York, wanda ya saye ta dala 90,000 a gwanjon Sotheby's a 1989, bayan mai bincike Christos Tsirogiannis ya gane ta a hotunan Medici.

Masu kare gidajen tarihi suna da hujjarsu, kuma ya kamata a saurare ta. Suna cewa tukunyar ta riga ta fito, in ba su saya ba attajiri zai saya ya kulle, a wurinsu kuwa miliyoyin mutane za su gani, ga ma'ajiyoyin Italiya cike da kayan da ba a nunawa. Akwai gaskiya a ciki game da tukunyar da ta riga ta fito. Matsalar ita ce kuɗin da aka biya don ita shi ke sa a caka sandar ƙarfe a gona ta gaba. Mu ma mun ga haka a gida. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi rububin tonon mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, aka yi irinsa da na Katsina da Sakkwato da na Bura a Nijar, har majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Kawunan suna Turai ana yaba kyansu, wuraren da za su gaya mana su wane ne suka gina su kuma an birkice su.

Mayar da tukunya Italiya yana gyara zancen mallaka, yana kuma sa mai saye na gaba ya yi tunani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kabarin dai ya riga ya tafi. A 1984 gidan tarihi na Berlin ta Yamma ya sayi tukwanen Apuliya 21 a lokaci guda daga wani dillali a Basel, har da manyan randunan da aka danganta da Mai Zanen Dariyus, bisa cewa sun daɗe a hannun wani iyali a Suwizalan. Shekaru da yawa ana nuna su tare a matsayin kayan kabari ɗaya, abin da ya sa masana suka ba su muhimmanci na musamman, tun da samun irin wannan rukuni a haɗe yana da wuya. Daga baya aka ga wasu daga cikinsu a hotunan Medici, a gutsuttsure, kafin a liƙe su. Ko da gaske daga ɗaki ɗaya suka fito, wane gari ne, mutum nawa aka binne a ciki, wane makami ko abin wuya ke gefensu, waɗanda suka shiga ramin da dare ne kaɗai suka gani. A watan Yunin 2024 hukumar gidajen tarihin Berlin ta sa hannu kan mayar da duka 21 ɗin tare da wasu kaya huɗu, Italiya kuma ta amince ta ba Berlin aron wasu kayan daga gidajen tarihinta.